Richard Feely da Tsamin Teku: Daga Gaɓar Amurka Zuwa Bakin Ruwan Fatakwal

Ruwan teku yana ƙara tsami. Harshe ba ya jin wannan tsami, domin wanda ya kurɓi ruwan Bonny a yau gishiri zai ji kamar yadda kakanninsa suka ji. Na'ura ce ke nuna shi. Masana suna auna tsamin ruwa da ma'aunin pH, wanda ke tashi daga 0 zuwa 14: lamba 7 ita ce tsakiya, abin da ya gaza ta yana ɓangaren asid, abin da ya haura ta yana ɓangaren su kanwa da toka. Kafin zamanin masana'antu, kimanin shekaru 250 da suka wuce, ruwan saman teku yana kan 8.2. A yau yana kan 8.1. Bambancin kamar ba komai ba ne, amma kowane mataki ɗaya a wannan ma'auni ninki goma yake nufi, don haka wannan 'yar gusawa ƙarin tsami ce ta kusan kashi 30 cikin 100.

Tushen abin shi ne iskar kabon dayoksaid da ke fita idan an ƙona kwal, fetur, dizal da gas, ko an gasa dutse don yin siminti, ko an sare daji. A da wannan iska kashi 280 ce cikin miliyan na iskar duniya; yanzu ta wuce 420. Teku yana shanye kusan rubu'in abin da mutane ke fitarwa a kowace shekara. Idan iskar ta narke a ruwa sai ta zama wani asid mai rauni, asid ɗin kuma ya kama sinadarin kabonet da ke cikin ruwan ya rage shi. Kabonet kuwa shi ne tubalin da halittun ruwa ke haɗawa da kalsiyam su gina ɓawonsu. Ɓawon kawa, da na dodon koɗin ruwa, da murjani, da wurin da Hausawa suka yi ciniki da shi kafin zuwan kuɗin Bature, duk da wannan haɗi aka yi su, kamar dai alli da dutsen farar ƙasa. Idan kabonet ya ragu, halittar tana shan wahala kafin ta yi ɓawo. Idan ya ragu ƙwarai, ɓawon da ta riga ta yi ma sai ya fara zagwanyewa.

A cikin masanan da suka tabbatar wa duniya wannan al'amari da awo, sunan Richard Feely yana sahun gaba.

Tashinsa da farkon aikinsa

Feely Ba'amurke ne. Ya yi digirinsa na farko a fannin kimiyyar sinadarai a Jami'ar St. Thomas da ke jihar Minnesota a 1969, jihar da ke tsakiyar nahiya, nesa da kowane teku. Daga nan ya tafi Jami'ar Texas A&M, inda ya kammala digirin digirgir a kan sinadaran ruwan teku a 1974. A wannan shekarar ya kama aiki a cibiyar binciken muhallin tekun Fasifik da ke Seattle, ƙarƙashin hukumar NOAA mai lura da teku da yanayi a Amurka, kuma a nan ya shafe kusan rabin ƙarni. Yana kuma koyarwa a Jami'ar Washington.

Ba da tsamin teku ya fara ba. Ya yi aiki a kan laka da ɓurɓushin da ke yawo a ruwan gaɓar Alaska, sannan a kan maɓuɓɓugan ruwan zafi da ke feshi daga ƙasan teku. Daga baya ya koma bin diddigin iskar kabon: ina take shiga teku, ina take fita, kuma nawa. Bincikensa a tsakiyar Fasifik ya nuna cewa yankin yana fitar da iskar kabon mai yawa zuwa sama, amma fitar tana raguwa a shekarun da yanayin El Niño, wato ɗumamar ruwan saman yankin, ya zo.

A wancan zamani yawancin masana suna kallon shanye iskar kabon da teku ke yi a matsayin rahama. Tun 1957 Roger Revelle da Hans Suess suka yi rubutu a kan musayar wannan iska tsakanin sama da ruwa, a 1958 kuma Charles Keeling ya fara auna ta kullum a kan dutsen Mauna Loa a Hawaii. Hankalin kowa yana kan ɗumamar yanayi, kuma duk abin da teku ya haɗiye ragi ne a kan zafin da za a sha. Kaɗan ne suka tsaya tambayar abin da haɗiyar ke yi wa tekun kansa.

Yadda ake auna teku

Aikin masanin sinadaran teku aikin haƙuri ne. Jirgi yakan yi makonni a ruwa, yana tsayawa bayan kowane 'yan kilomita goma-goma. A kowace tsayawa ana zura wani keji na ƙarfe da aka jera masa gorunan roba, sau da yawa 24 ko 36, bakinsu a buɗe, har ya kusa taɓa ƙasa, wani lokaci zurfin fiye da mita 5,000. Idan ana jawo shi sama, mai kula da kwamfuta yana rufe gora ɗaya a kowane zurfin da aka zaɓa. Da kejin ya hau jirgi, ma'aikata su zagaye shi, dare ko rana, sanyi ko igiyar ruwa, kowa ya ɗebi rabonsa da siririn tiyo cikin kwalbar gilashi. Ana barin ruwan ya tumbatsa don kada kumfar iska ko ɗaya ta maƙale, domin kumfa guda tana iya ɓata sakamakon. Sai a ɗiga maganin da ke kashe ƙwayoyin halittar da ke ciki, a shafa wa murfi man toshewa, a rufe. Kuma don kada awon jirgin Jamus ya saɓa da na jirgin Japan, kowa yana gwada na'urarsa da ruwan teku na musamman da Andrew Dickson ke tanada a cibiyar Scripps ta Kalifoniya, wanda aka san sinadaransa daidai wa daida.

A shekarun 1990 ƙasashe da dama suka haɗa kai suka yi irin wannan awo a dukkan manyan tekunan duniya. Feely yana cikin jagororin ɓangaren iskar kabon. Sakamakon ya fito a watan Yulin 2004 a mujallar Science, cikin maƙaloli biyu. Ta farko, wadda abokin aikinsa Christopher Sabine ya jagoranta, ta dogara da tafiye-tafiyen jirgi 95 da tsayawa fiye da 9,600, ta nuna cewa daga 1800 zuwa 1994 teku ya shanye kimanin tan biliyan 118 na kabon, kusan rabin abin da ƙona makamashi da yin siminti suka fitar. Ta biyu, wadda Feely ya jagoranta, ta nuna illar: a ƙasan kowane teku akwai zurfin da ruwansa ke cin ɓawo, kuma wannan iyaka tana hawowa sama, tana matse wurin da masu ɓawo za su rayu.

Cikin waɗanda suka sa hannu a maƙalar akwai Victoria Fabry, masaniyar halittun ruwa, wadda tun a shekarun 1980 ta lura da wani abu a cikin jirgi. Ta ajiye wasu ƙananan dodon koɗi masu iyo a rufaffun kwalabe, iskar kabon da suke fitarwa da numfashi ta taru a ruwan, sai ga ɓawonsu ya fara dishewa yana narkewa alhali suna raye. Waɗannan halittu, da ba su kai ƙwayar wake ba, abincin kifaye ne masu daraja a tekunan sanyi. Shekara guda kafin maƙalolin, wato 2003, Ken Caldeira da Michael Wickett sun yaɗa sunan matsalar a mujallar Nature, a 2005 kuma ƙungiyar masana ta Royal Society a Ingila ta fitar da rahoto a kanta.

Lokacin da lissafi ya iso kasuwa

Har zuwa nan ana ganin abin na jikoki ne. Lissafin kwamfuta yana cewa ruwa mai cin ɓawo ba zai kai saman teku ba sai wajen tsakiyar wannan ƙarni, kuma a yankunan ƙanƙara zai fara. A watannin Mayu da Yunin 2007 Feely da abokansa suka bi gaɓar yammacin Amurka ta Arewa a jirgin bincike mai suna Wecoma, daga Kanada zuwa Meziko. Sun tarar da wannan ruwa ya riga ya hau kan tudun gaɓa, a arewacin Kalifoniya ma ya kai har sama. Dalili shi ne a bazarar can iska tana ture ruwan sama zuwa tsakiyar teku, sai ruwan ƙasa mai sanyi ya taso ya maye gurbinsa. Ruwan ƙasa dama yana ɗauke da iskar kabon daga ruɓewar matattun halittu. Ƙarin da ya samu daga hayaƙin mutane shi ya sa ya ƙetare iyaka. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne ruwan da ya taso a lokacin rabonsa da haɗuwa da iskar sama kimanin shekaru 50 ne. Ke nan hayaƙin shekarun 1950 yake ɗauke da shi, wanda ke biye da shi a hanya kuma ya fi shi. An buga binciken a 2008.

A daidai wannan lokaci masu kiwon kawa a jihohin Oregon da Washington suna cikin tashin hankali. A wata babbar maƙyanƙyasa mai suna Whiskey Creek da ke bakin ruwan Netarts, 'ya'yan kawa suna mutuwa biliyoyi a cikin tankuna, har abin da ake samu ya faɗi da kashi 70 zuwa 80 cikin 100. Da farko an zargi wata ƙwayar cuta. Aka wanke tankuna, aka sayi matatun ruwa masu tsada, mutuwa ba ta tsaya ba. Sai da aka gwada ranakun mutuwar da ranakun tasowar ruwan ƙasa aka gane bakin zaren. Ɗan kawa yana gina ɓawonsa na farko ne cikin kwana biyun farko na rayuwarsa, tun bai fara cin abinci ba, da ɗan guzurin da ya fito da shi daga ƙwai. Idan ruwan ya yi ƙarancin kabonet, guzurin yana ƙarewa kafin ginin ya kammala.

Maganin da suka samu kowace mai girki a ƙasar Hausa ta san irinsa. Kamar yadda ake jefa ɗan gutsuren kanwa a miyar yakuwa don a kashe mata tsami, haka masu maƙyanƙyasar suka riƙa zuba sinadarin soda, ɗan'uwan kanwa, a ruwan da suke ja daga teku. Masana daga Jami'ar Jihar Oregon suka kafa musu na'urar da ke auna ruwan a kowane lokaci, suka kuma koyi jan ruwa da rana bayan ciyayin teku sun shanye wani ɓangare na iskar. Sana'ar ta farfaɗo. Sai dai wannan dabara ta tanki ce. Babu mai kanwar da za ta ishi teku.

Daga nan aikin Feely ya fita daga ɗakin gwaji. Ya yi bayani a gaban majalisar dokokin Amurka, wadda a 2009 ta yi dokar bincike da sa ido kan tsamin teku. A 2010 aka ba shi lambar yabo ta Heinz. A 2012 gwamnar Washington, Christine Gregoire, ta kafa kwamitin da ya haɗa masana, masu kiwon kawa, ƙabilun asalin yankin da 'yan siyasa, Feely yana ciki. A lokacin, sana'ar da suke neman ceta tana kawo wa jihar kimanin dala miliyan 270 a shekara da ayyuka sama da 3,000. A wannan shekarar aka kafa cibiyar haɗin gwiwar duniya ta sa ido kan tsamin teku, GOA-ON, a wani taro a Seattle, hukumar makamashin nukiliya ta duniya kuma ta buɗe ofishin daidaita binciken a Monako. A 2015 Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya rage tsamin teku cikin muradun ci gaba mai ɗorewa. A 2025 wani bincike da Helen Findlay ta cibiyar Plymouth a Ingila ta jagoranta, da sa hannun Feely, ya nuna cewa wajen kashi 60 cikin 100 na ruwan da ke ƙarƙashin sama zuwa zurfin mita 200 ya wuce iyakar da masana suka ɗauka ta aminci.

Abin da ya shafi Fatakwal, Anaca da Inugu

Bahaushen da ke sayar da albasa a Diobu, ko shanu da awaki a kasuwar New Artisan ta Inugu, ko yake lodin kaya a Bridge Head ta Anaca, yana iya ganin wannan labarin Turawa ne. Amma yankin nan yana cikin labarin tun daga tushe. A 1909 aka gano kwal a tsaunukan Udi, Inugu ta tashi a kansa. Fatakwal kanta an kafa ta ne a 1912 zuwa 1913 don a sami tashar fitar da wannan kwal, layin dogo ya haɗa su a 1916. A 1956 aka sami man fetur a Oloibiri, aka fara fitar da shi a 1958, kuma har yau wutar gas da ake ƙonawa a banza tana haska dare a ƙauyukan Neja Delta. Rabon Nijeriya a iskar kabon da duniya ke fitarwa bai kai kashi ɗaya cikin 100 ba, Afirka gaba ɗaya kuma wajen kashi huɗu ne. Teku dai ba ya tambayar daga wace ƙasa hayaƙi ya fito.

Nijeriya tana da gaɓar teku mai tsawon kimanin kilomita 850, dajin bakin ruwa na Neja Delta kuma shi ne mafi girma irinsa a Afirka. A jikin saiwoyin itatuwansa kawa ke maƙalewa, a cikin taɓonsa kuma ake tsintar ɗan dodon koɗin nan mai tsinin ɓawo da mutanen yankin ke kira isam. Wanda ya shiga kasuwar Creek Road a Fatakwal zai ga mata zaune gaban daro, kowace da allura tana zaro naman isam ɗaya bayan ɗaya tana tarawa a ruwa, ɓawon kuma a tara shi tsibi-tsibi don cike kwari ko haɗa kankare. Wannan sana'ar mata ce, jarinta kwalekwale da adda da ƙarfin jiki, kuma da ita ake biyan kuɗin makaranta a gidaje da yawa. Halittun da take dogara da su su ne ainihin waɗanda gwaje-gwaje suka nuna sun fi jin jiki idan kabonet ya ragu.

Jatan lande da kaguwa sun fi juriya, manyan kifaye ma haka, kuma wajibi ne a faɗi wannan don kada a tsorata mutane da abin da ba a tabbatar ba. Amma dukkansu a sarƙar abinci ɗaya suke da ƙananan masu ɓawo. Busasshen jatan landen da ake lodi a Oron ta Akwa Ibom, da bandar kifin bonga, suna bi ta Anaca da Inugu su kai Sabon Garin Kano da Zariya, sau da yawa a motocin da suka sauke tumatir da albasa. Uwa a Katsina da ke daka jatan lande a garin kunun yaye tana cin amfanin wannan ruwa ko da ba ta taɓa ganinsa ba.

Ruwan bakin kogi kuwa ya fi na tsakiyar teku saurin canzawa. Ruwan daɗi da Kwara ke kawowa ba shi da ƙarfin kashe tsami kamar ruwan gishiri. Taɓon dajin bakin ruwa yana ɗauke da sinadarin farar wuta, idan aka sare itatuwa ko aka yashe hanyar jirgi iska ta taɓa shi sai ya zama asid. Ƙazantar birni da takin zamani da ruwan sama ke wankewa suna haifar da gansakuka, idan ta mutu ta ruɓe sai ta ƙara wa ruwa iskar kabon ta rage masa iskar numfashi. A nan Arewa tana da hannu kai tsaye: Gulbin Rima da na Sakkwato, da Kogin Kaduna wanda Galma ta Zariya ke zuba a cikinsa, duk Kwara suke shiga, su wuce ƙarƙashin gadojin Anaca su isa teku. A yammacin mashigin tekun Gini kuma, gaɓar Gana da Kodibuwa, ruwan ƙasa yana tasowa daga Yuli zuwa Satumba, irin tasowar da ta kai ruwa mai cin ɓawo gaɓar Oregon.

Babu shakka a yau malalar mai ita ce babbar annobar masuntan Neja Delta. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya ce gyaran ƙasar Ogoni zai iya ɗaukar shekaru 25 zuwa 30, mazauna Fatakwal kuma tun 2016 suke share baƙar toka daga tagoginsu. Tsamin teku ƙari ne a kan wannan, kuma haɗarinsa shi ne ba ya barin baƙin tabo a ruwa balle a ɗauki hotonsa. Idan kawa ta ragu a wani rafi, za a ce mai ne, ko kamun wuce kima, kuma mai yiwuwa hakan ne. Ba mai iya rarrabewa sai wanda ya daɗe yana awo.

A nan ne giɓin yake. Tashoshin Hawaii da Bamuda suna auna sinadaran teku kusan kowane wata tun 1988, shi ya sa ba a gardama a kan raguwar pH a can. Mashigin tekun Gini yana cikin yankunan da suka fi ƙarancin irin wannan dogon tarihi. Ba rashin cibiyoyi ba ne. Akwai cibiyar binciken teku ta ƙasa, NIOMR, da aka kafa a Legas a 1975, tana da jirgin bincike mai suna Bayagbona da reshen kiwon kifi a Aluu kusa da Fatakwal. Jami'ar Kalaba tana da cibiyar nazarin teku, Jami'ar Fatakwal da Jami'ar Jihar Ribas suna da masana ruwa da kifi. Masanan Afirka sun kafa ƙungiyarsu ta OA-Africa, Dakta Edem Mahu ta Jami'ar Gana kuma ta jagoranci wani shiri na horar da masu awo a ƙasashen gaɓar, har da Nijeriya, da akwatin kayan aiki mai sauƙin kuɗi. Abin da ke wahala shi ne ɗorewa: kuɗin man kwalekwale, sinadaran gwaji, wutar lantarki, da albashin wanda zai koma wuri ɗaya kowane wata har shekara ashirin. Tallafin waje yakan ƙare cikin shekara biyu ko uku, kuma awon shekara uku ba ya iya raba canjin damina da rani daga canjin zamani.

Yaran Hausawa da aka haifa a Fatakwal, Anaca da Inugu, waɗanda suka tashi da Hausa da Ibo da Turancin kasuwa a bakinsu, suna zaune kusa da jami'o'in da ake koyar da wannan ilimi, kuma fannin yana buƙatar masu kimiyyar sinadarai fiye da masu iya iyo. Feely kansa a Minnesota ya fara. Gwamnatin tarayya ta kafa ma'aikatar harkokin teku da tattalin arzikin ruwa a Agustan 2023. Ya kamata ita da gwamnatocin Ribas, Bayelsa da Akwa Ibom su ware kuɗi na dindindin don kafa tashoshin awo a bakin kogunan Bonny, Forcados da Kuros Riba, a riƙa ɗibar ruwa kowane wata, a kuma buga sakamakon inda masunta da 'yan kasuwa za su gani.